Masu kallonmu na nan, lissafi ne ba ya ganin su

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wasu bayin Allah da ba a cika jin muryarsu ba, wato masu ƙananan tashoshin bidiyo a intanet, musamman masu koyar da sana'a ko wani ilmi da harshen Hausa. Duk sa'ad da jaridu da gidajen rediyo suka taɓo maganar masu bidiyo, ba ta wuce ɗayan biyu: ko labarin wanda ya tara miliyoyin mabiya har ya sayi mota, ko labarin wadda aka gurfanar a gaban kotu saboda abin da ta ɗora a TikTok. A tsakanin waɗannan biyun akwai jama'a masu ɗimbin yawa, teloli da kafintoci da masu gyaran waya da malaman makaranta da manoma, waɗanda ke ta fama shekara da shekaru ba wanda ya san da zamansu. Ina ɗaya daga cikinsu.

Ni malamin dabbobi ne. Aikina yawo a kan babur tsakanin ƙauyukan da ke kewaye da Wudil, in yi wa tumaki da awaki allura, in ba da maganin tsutsa, in duba saniyar da haihuwa ta zo mata da gardama. Ranar Juma'a kuwa a kara nake yini, inda fatake da dillalai da masu kiwo ke haɗuwa daga ko'ina. Abin da ya sa na fara ɗaukar bidiyo a shekarar 2021 shi ne, tambayoyin da ake yi mini ba sa canzawa. Malam, me ya sa ragona ya kumbura bayan na ƙara masa tsaba? Yaya zan gane shekarun rago kafin in saya don layya? Wace allura ce ta riga-kafi, wace ce ta magani? Sai na ga idan na amsa sau ɗaya a gaban waya, amsar za ta isa inda babur ɗina ba zai taɓa kai ni ba. Yau ga shi shekaru sun tura, mabiyan tashata ta YouTube ba su cika dubu ba, alhali a kara mutanen da ban taɓa gani ba kan tare ni su ce sun san muryata.

Bari in fara da ƙa'idar, don wanda bai san ta ba. Tun farkon 2018, YouTube ba ya raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000, kuma jimillar lokacin da aka yi ana kallon bidiyoyinsa ya kai awa 4,000 a cikin wata goma sha biyun da suka gabata. A 2023 aka ƙara wata ƙofa ga masu gajerun bidiyon nan da ake kira Shorts, ita kuma mabiya 1,000 ne da kallo miliyan 10 a cikin kwana 90. Akwai kuma wani ƙaramin mataki na mabiya 500 da awa 3,000, sai dai shi bai ƙunshi kuɗin talla ba, damar karɓar kyauta ce kawai daga hannun masu kallo, kuma ka san mai kallon da ke neman na dusa ba shi da rarar da zai yi kyauta da ita ta katin banki. To, awa 4,000 minti 240,000 ke nan. Idan bidiyonka na minti goma ne, mutane kuma suna kallon minti huɗu su wuce, sai an kalle ka sau 60,000 a shekara ɗaya kafin ka kai. Lissafin kuma ba ya tsayawa ya jira ka, awannin da ka tara a Janairun bara suna zubewa da zarar Janairun bana ya wuce. Ga mai ƙaramar tasha abin ya zama ɗibar ruwa da kwando.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba, tun 2021 yarjejeniyar kamfanin ta ba shi damar sanya talla a kan bidiyon wanda bai cika waɗannan sharuɗɗa ba, ba tare da ya ba shi ko sisi ba. Shi ya sa za ka ga ɗan'uwa ya buɗe bidiyon yaro ya ga talla, sai ya tafi yana ba da labari cewa wane ya fara cin dala. Ban kawo wannan don in zargi kamfanin ba. Gidansa ne, dokarsa kuma a rubuce take, duk wanda ya buɗe tasha sai da ya danna amincewa. Magana ta a kan wani abu ne daban da ya fi kusa da mu, wato yadda jama'armu ke kallon bidiyo, da yadda wannan kallon ke ɓacewa kafin ya isa wurin masu ƙirga.

Wata ranar kasuwa a wani ƙauye gabas da mu, wayata ta mutu, na shiga rumfar mai caji. Rumfa ce ta langa-langa, an jera wayoyi a kan katako kowace da lambarta a jikin ɗan guntun kwali, ƙaramin janareta na ta ƙara a baya. A gefe wani matashi ne zaune da tsohuwar kwamfutar cinya, mutane sun yi layi a gabansa. Wani dattijo da sandar kiwo a kafaɗa ya kwance bakin rigarsa, ya fito da memori naɗe a cikin leda, ya miƙa masa ya ce a zuba masa wa'azi da karatu, sa'an nan a ƙara masa "na likitan tumakin nan". Yaron ya buɗe wata jaka a kwamfutar da ya rubuta wa suna Kiwo. Ina leƙawa sai ga bidiyoyina jere, an matse su sun ƙanƙance don su hau ƙaramar waya mai madannai, har fuskata ba ta fita sosai. Dattijon ya biya naira ɗari, ya mayar da memorin cikin wayarsa, ya koma gindin wata bishiya inda abokan tafiyarsa ke zaune. Suka haɗa kai a kan wayar nan su wajen bakwai, suna kallon yadda nake ɗaga leɓen rago ina nuna haƙoran gaba, ina bayanin cewa idan manyan haƙora biyu suka maye gurbin na nono to ya shiga shekara ta biyu. Ɗaya daga cikinsu ya tashi ya kamo tunkiyarsa ya buɗe bakinta yana gwadawa. Wannan bidiyon, a lissafin tashata, 'yan ɗaruruwa ne kacal suka kalle shi.

Ban yi wa yaron magana ba, kuma har yau ba na jin haushinsa. Abincinsa yake nema, kuma ya isar da saƙona ga mutanen da ba su da babbar waya, ba su da kuɗin data, wasunsu ma inda suke kiwo babu sabis. Amma a duba abin da ya faru. Mutum ɗaya ya sauke bidiyon daga intanet sau ɗaya, daga nan ya bi ta memori, ya bi ta Xender, ya shiga zaurukan WhatsApp, ya tsallaka har Maraɗi da Damagaram, domin ina samun saƙon murya daga masu kiwon can suna tambayar sunan maganin da na ambata. Duk wannan tafiyar, ko kallo ɗaya ba a rubuta mini ba. Haka 'yan Kannywood suka sha fama tun lokacin da kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe, masu tura finafinai a waya suka mamaye gari, har masu shirya fim suka koma dogon zango a YouTube. Su suna da fitattun jarumai da za su jawo jama'a ko ta halin ƙaƙa. Mai koyar da ɗinki ko kiwo ba shi da kowa sai muryarsa.

Illar ba ta tsaya ga kuɗi ba, kuma a nan ne nake so masu karatu su tsaya su fahimce ni. A manhajojin nan ba mutum ne ke zaune yana zaɓa wa jama'a abin kallo ba, na'ura ce ke yin lissafi. Tun a 2018 Neal Mohan, wanda yanzu shi ne shugaban YouTube, ya bayyana cewa sama da kashi 70 cikin ɗari na lokacin da mutane ke yi suna kallo ya samo asali ne daga bidiyoyin da manhajar da kanta ta kawo musu gaba. Kamfanin kuma ya taɓa sanar da cewa ana ɗora bidiyon sama da awa 500 a kowane minti ɗaya. A cikin wannan tulin, na'urar na duba wa aka danna, wa aka daɗe ana kallo, wa aka dawo aka sake nema, sai ta ƙara tura shi ga wasu. Wanda ba a danna ba, ko aka danna aka fita da wuri, sai ta ajiye shi gefe. To mai kallona da ya sayi datar naira ɗari biyu, yana tsakiyar bayanin tsutsar ciki sai data ta ƙare. Wani kuma da gangan yake fita, ya ce bari ya jira a turo a zaure ya kalla kyauta. Na'urar ba ta san da ƙarewar data ba. Abin da ta gani shi ne an gudu daga bidiyon a minti na uku, sai ta yanke hukuncin cewa ba shi da amfani. Ta haka bidiyon da ya fi yawo a ƙauyuka yake zama wanda aka fi binnewa a intanet.

Kuɗin datar ma ba sauƙi yake yi ba. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kafin nan an cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin cajin waya a rumfa ya tashi tare da kuɗin litar fetur. Wanda ke Zamfara da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna kuwa ba zai manta da ƙarshen 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Mai tasha a can ya zauna babu ɗorawa, masu kallonsa babu kallo, awanninsa na zubewa.

Shi kansa ɗaukar bidiyon aiki ne da wanda bai gwada ba ba zai gane ba. Dabba ba ta san ana ɗaukar ta ba. Idan zan nuna yadda ake gane tsutsa ta shanye jinin tunkiya, sai na danne ta tsakanin gwiwoyina, in ja fatar idonta ta ƙasa da babban yatsa, in jira ɗan maƙwabcina da ke riƙe da waya ya matso har launin cikin idon ya fito, a ga ko ja ne jawur ko ya koɗe ya yi fari. Kafin hoton ya daidaita ta fizge. A sake. Iskar hunturu na busawa a makirfo, injin markaɗe ya tashi a maƙwabta, rana ta karkata inuwa ta rufe wurin. Idan an gama sai tacewa a kan wayar da ba ta da wadataccen wuri, sai ka goge hotunan sunan 'yarka kafin bidiyo ya samu mazauni. Sa'an nan a jira tsakar dare a sayi datar dare mai rahusa, a jingine waya a taga inda sabis ya fi kamawa, a kwana ana dubawa kada ta katse. Da asuba kuma a hau babur a tafi aiki. Na san wata baiwar Allah mai koyar da yankan atamfa da ɗinkin kayan yara, ita sai ta gama girki ta kwantar da yara take shimfiɗa yadi a tsakar ɗaki ta kunna fitilar sola, hannayenta kawai ake gani saboda maigidanta bai yarda a nuna fuskarta ba. Koyarwarta ta fi ta wasu makarantun da ake biya, amma na'urar nan ta fi son fuska.

Idan Allah ya sa mutum ya haye, wata tafiyar ce sabuwa. A dogon bidiyo mai tasha na samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla, a gajere kashi 45, ba a kuma turo masa komai sai abin da ya tara ya kai dala 100. Kafin nan sai an aiko masa da lambar sirri a takarda ta gidan waya don tabbatar da adireshinsa, mu kuwa yawancinmu adireshinmu shi ne bayan masallacin Juma'a kusa da gidan mai unguwa. Bayan haka masu talla ba sa biyan kuɗi ɗaya a kan kowane mai kallo. Abin da suke biya don tallarsu ta isa ga mutumin Amurka ko Ingila ya ninka abin da suke biya don ta isa ga mutumin Gaya ko Ɗambatta, saboda sun san aljihun kowa. Saboda haka mai magana da Hausa, ko da ya tara masu kallo daidai da mai magana da Turanci, abin da zai ɗauka bai kai nasa ba. Facebook ma sai a tsakiyar 2024 ya buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofar samun kuɗin talla, shi ma da nasa sharuɗɗan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da wannan matsin ke mayar da yaranmu. Akwai wani matashi da na sani, ya iya haɗa sola ƙwarai, ya fara tasha yana koyar da yadda ake lissafa batir da faranti gwargwadon kayan wutar gida. Bayaninsa a natse, ba ya ɓoye komai. Ya daɗe yana yi babu motsi. Wata rana ya ɗora bidiyo yana sharhi a kan rigimar wasu fitattun mutane biyu, ya rubuta Innalillahi da manyan baƙaƙe a hoton bango, ya sa jar kibiya. A kwana biyu ya samu kallon da bai samu ba a duk zamansa na koyar da sola. Yanzu tasharsa ta koma ta gulma da tonon silili, mabiya sun taru, mu kuma mun yi asarar malami. Da na yi masa magana sai ya ce, Baba, ni ma na fi son wancan, amma wancan ba ya sayen data. Ban sami amsar da zan ba shi ba, domin gaskiya ya faɗa. Muna yawan kuka da lalacewar tarbiyya a soshiyal midiya, malamai na wa'azi, hukumomi na kame, amma ba mu cika tambayar kanmu wa muke dannawa ba idan mun kaɗaita da wayoyinmu. Yaron da ya ga rawa da zagi na tara dubbai a dare ɗaya, ilmi kuma na tara gomiya a wata, ba sai an gaya masa inda kasuwa take ba.

Ni ma an sha ba ni irin wannan shawara. A ce in rubuta cewa ga sirrin da zai sa rago ya ninka cikin mako biyu, ko in sa hoton wani ƙaton Balami da ba nawa ba. Na ƙi, saboda wanda zai gwada abin da na faɗa, jarinsa ke nan gaba ɗaya, wataƙila kuɗin auren 'yarsa ne ya zuba a raguna uku yana jiran Babbar Sallah. Akwai kuma masu sayar da mabiya, su ce ka kawo kaza su cika maka dubu a kwana uku, da zaurukan bi-ni-in-bi-ka inda ƙananan masu tasha ke taruwa suna danna wa juna. Duk wanda ya san aikin ya san wannan cuta ce. Mabiyin da ba ya kallo ƙara nutsar da tasha yake yi, domin na'urar za ta nuna masa sabon bidiyonka, ya ƙi dannawa, ta ce ashe ko mutanensa ba sa so. Kamfanin ma kan share irin waɗannan mabiya, wani lokaci ya rufe tashar ɗungurungum. Yara da yawa sun yi asarar kuɗinsu a nan.

Sai kuma satar da manyan shafuka ke yi, wadda ta sha bamban da ta mai rumfar caji. Wani shafi mai mabiya dubu ɗaruruwa ya taɓa ɗaukar bidiyona na kumburin ciki, wanda nake bayanin cewa ba a ɗura wa rago tsaba da yawa rana ɗaya, a hankali ake ƙara masa tare da harawa har cikinsa ya saba. Suka yanke farkon inda na faɗi sunan tashata, suka manna tambarinsu a kan nawa, suka liƙa tallar wani maganin ƙiba irin na sha-ka-fashe a ƙarshe, da lambar wayarsu. Kallon da suka samu a kwana ɗaya ya fi na tashata duka. Abin da ya hana ni barci shi ne mutanen da suka riƙa tare ni suna tambayar inda za su sami maganin da na tallata, maganin da ni da bakina nake hana mutane ba dabbobinsu. Na rubuta wa masu shafin, ba su amsa ba. Ƙasar nan na da sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, kuma ta tanadi hanyar neman a sauke abin da aka sata aka ɗora a intanet. Amma mai ƙaramar tasha a ƙauye bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, kuma ba shi da kuɗin lauya.

Wani zai ce to wa ya aike ku, ku koma sana'arku mana. Amsata ita ce, ilmin nan ana bukatarsa, masu kai shi kuma sun yi kaɗan. Cutar PPR da ke kashe awaki da tumaki da zawo da majina tana da allurar riga-kafi, ana ma yin ta a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, kuma hukumomin duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke fatan kawar da ita, kamar yadda aka kawar da cutar bushiya ta shanu a 2011. Amma har gobe akwai matan da ke kiwo a cikin gida waɗanda ba su taɓa jin cewa akwai wannan allura ba, sai garke ya fara zubewa a nemi malami a guje. A watan Yulin 2023, da aka tabbatar da ɓullar cutar saifa a wata gona kusa da Suleja, saƙon da ya kamata ya isa kowace ruga shi ne kada a yanka ko a feɗe dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya jini na fita ta hanci da dubura. Na yi bidiyo a kan haka cikin gaggawa, na san wasu abokan aikina ma sun yi. Malaman gona da na dabbobi na gwamnati ba su da yawan da za su shiga kowane gida, waya kuwa ta riga ta shiga. Gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika, ga NAERLS a Zariya da aikinta ke nan isar da sakamakon bincike ga manoma. Da za su riƙa tattara masu irin waɗannan tashoshi, su tantance abin da muke faɗa, su gyara mana inda ilminmu ya tsaya, su ba mu sahihin bayani a kan lokaci, da sun sami 'yan aike a kowace ƙaramar hukuma ba tare da sun sayi babur ko ɗaya ba. Haka hukumar NITDA da ke horar da matasa fasahar zamani, ina ma a ce horon zai haɗa da yadda ake tace bidiyo a waya da yadda ake kai ƙarar satar fasaha, a kuma yi shi da Hausa.

Amma babban roƙona ga masu kallo ne, domin abin da ke hannunsu ya fi abin da ke hannun gwamnati saurin aiki. Ɗan'uwa, idan kana da babbar waya kuma Allah ya hore maka data, ka ga bidiyon da ya amfane ka, kada ka sauke shi ka tura a zaure. Tura linkinsa, kowa ya shiga ya kalla daga tushe. Ka bar shi ya kai ƙarshe ko da ka riga ka gane bayanin. Ka danna alamar bibiya, ka rubuta ko da Allah ya saka ne a ƙasa, domin duk waɗannan na'urar na ƙirga su. Wanda ba shi da hali, ya kalla ta memori, babu laifi, don shi aka yi. Masu rumfunan turawa kuma, abin da nake roƙo kaɗan ne: kada ku yanke farkon bidiyo inda mai shi ya faɗi sunansa, don wanda ya ji daɗi ya san inda zai neme shi ranar da ya sami babbar waya.

Manyan masu tashoshi da Allah ya ɗaukaka, ambaton ƙaramar tasha sau ɗaya a bakinku ya fi mata aikin shekara. Masu kamfanonin abincin kaji da na dabbobi, da masu shagunan magani da takin zamani da kekunan ɗinki, ku daina duba yawan mabiya kaɗai idan za ku ba da talla. Tashar da ke da mutum ɗari takwas waɗanda dukkansu masu kiwo ne ta fi muku amfani a kan shafin barkwanci mai dubu ɗari biyar da ba a san mai akuya ko ɗaya a cikinsu ba.

Ranka ya daɗe, ku ma kuna da rawar takawa. Ina ba da shawarar jaridar nan ta ware ɗan fili kowane mako, ko da rabin shafi ne, ta gabatar da ƙaramar tasha ɗaya mai koyar da abu mai amfani, bayan wakilinku ya zauna ya kalli bidiyoyinta ya tabbatar da ingancinsu. A faɗi abin da take koyarwa da garin da mai ita yake, a sa linkin a shafinku na intanet, a takarda kuma a buga ɗan akwatin nan mai ɗige-ɗige da ake haskawa da waya. Sharaɗin kawai shi ne mabiyanta ba su kai dubu biyar ba, kuma ba a karɓi kuɗi a hannun mai ita ba. Idan kun amince da buɗe filin, a shirye nake in aiko muku da tashoshin da na daɗe ina bibiya, ciki har da ta mai ɗinkin nan, da ta wani mai gyaran injin ban-ruwa a Kadawa, da ta wani malamin firamare da ke koyar da lissafi da Hausa, ku duba da kanku ku zaɓa.

Na gode da ba ni wannan dama. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
Malamin dabbobi kuma mai karatunku,
daga Wudil, Jihar Kano.